Yadda na tsaya wa gidanmu a kotun Bronx ba tare da lauya ba

A Amurka kowace jiha da yadda take ƙwace gidan da aka gaza biyan bashinsa. Akwai jihohi irin su Texas da Georgia inda banki ba ya ko buƙatar ganin fuskar alƙali. Sanarwa kawai zai fitar, kafin ka farga an kaɗa wa gidan ƙararrawa. New York ba haka take ba. A nan dole banki ya shigar da ƙara a babbar kotun gunduma, ya kawo hujjojinsa, alƙali ya sa hannu, sannan a yi maganar gwanjo. Wannan bambancin ne ya ba mace irina, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu, damar zama a teburi ɗaya da lauyan banki, ba ni da kowa sai Allah sai jakar takarduna.

Gidan bene ne a arewacin Bronx, a birnin New York, mu a ƙasa, 'yan haya a sama. Ni da Alhaji muka ci bashin muka saya, sunayenmu biyu ne a takardun. Shi tuƙin tasi yake yi. Shekara da shekaru muna biya ba fashi, har korona ta zo ta wuce, da ƙyar dai amma mun tsallake. Abin da ya kayar da mu hawan jini ne. Ya buge Alhaji, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, mota ta tsaya. A cikin watannin ne kuma 'yan hayan sama suka tashi. Albashina kaɗai ba ya ɗaukar kuɗin gida da abinci da magani, sai biya ya fara tsallake wata.

Dokar tarayya ta hana banki fara shari'a sai bashi ya wuce kwana 120 ba a biya ba. Dokar jihar New York kuma ta ƙara da cewa sai an aiko maka da wasiƙar gargaɗi aƙalla kwana 90 kafin a kai ka kotu, ta wasiƙa mai rajista da kuma ta gidan waya na yau da kullum, da manyan baƙaƙe, ɗauke da sunayen ƙungiyoyi aƙalla biyar masu ba da shawara kyauta kan harkar gida. Tamu ta zo. Alhaji ne ke gida da rana, shi ke karɓar wasiƙu, ya riƙa tura su ƙarƙashin katifa. Da na gano, ban yi masa faɗa ba. Mutumin da ya ciyar da gida shekara talatin, yau 'yarsa ce ke ɗaura masa agogo, me zan ce masa? Ya ce, "Hajiya, kada maganar nan ta fita. In ta kai masallaci, da wane ido zan kalli mutane?"

Na san abin da yake tsoro. Tun ranar da muka sayi gidan akwai waɗanda suka ce mun ci riba, kuma ba ƙarya suka yi ba, bashin da ruwa yake. Wannan tsakaninmu ne da Ubangijinmu. Amma na ga yadda kunyar nan take cin gidajen mutanenmu a garin nan, 'yan Najeriya da 'yan Kumasi da 'yan Damagaram duk ɗaya. Mutum ya gwammace ya yi shiru har a liƙa takarda a ƙofarsa da a ji yana cikin matsala. Shi kuwa banki shirun nan yake so, domin wanda bai amsa ƙara ba kamar ya amince da duk abin da aka faɗa a kansa ne.

Kafin ma sammaci ya iso, wasu baƙin suka riga shi. Da zarar banki ya shigar da ƙara yana rubuta sanarwa a ofishin magatakardan gunduma cewa ana shari'a a kan gidan, kuma kowa na iya dubawa. Sai wasiƙu suka fara zubowa, wasu da tambari kamar na gwamnati. Waya ba ta hutawa. Wani ya zo har ƙofa da kwat da murmushi, ya ce in muka sa masa hannu a takardar mallakar gidan na ɗan lokaci zai gyara komai ya maido mana. Wani ya ce mu ba shi dala dubu uku ya yi magana da banki a madadinmu. Daga baya na ji daga bakin mai ba da shawara cewa dokar jihar ta hana irin waɗannan karɓar kuɗi kafin su yi aikin. Ni dai tun a lokacin hankalina bai kwanta da su ba, na rufe ƙofata.

Sammacin a hannun babbar 'yata aka ba da shi, ina wurin aiki. Tulin takardu ne, a samansu akwai wata mai launi daban da sauran, wadda doka ta ce dole a haɗa da ita, tana faɗa wa mai gida cewa zai iya rasa gidansa da kuma inda zai nemi taimako. Abu mafi muhimmanci a ciki shi ne wa'adi: kwana 20 ka amsa in a hannunka aka damƙa, kwana 30 in ta wata hanya ta iso.

Na nemi lauya, kada a ce ban nema ba. Mai zaman kansa ya faɗi kuɗin kafin alƙalami da ya kai kuɗin gida na wata biyu, kuma ya ce wannan somin taɓi ne. Akwai lauyoyin kyauta, domin tun 2012 ofishin babban lauyan jihar ke ɗaukar nauyin wani shiri na taimakon masu gidaje. Na je wurin ɗaya daga cikin ƙungiyoyin. Suka ce ba za su iya ɗaukar shari'ar gaba ɗaya ba a lokacin, amma wata lauya za ta zauna da ni ta nuna mini yadda ake rubuta amsa, kuma za su haɗa ni da mai ba da shawara kan lissafin bashi. Na karɓa hannu bibbiyu. Zaman nan guda shi ne duk rabona da lauya a shari'ar.

Amsar ba wani abin tsoro ba ce in an zauna da ita. Takardar ƙarar banki sakin layi ne masu lamba, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne za ka ce ɗaya daga cikin uku: na yarda, na musanta, ko ba ni da masaniyar da zan ce gaskiya ne ko ƙarya. Ni da 'yata muka baje su a teburin cin abinci bayan sallar isha'i, tana karantawa ina amsawa.

"Umma, sun ce ku ne mazauna gidan."

"Na yarda."

"Sun ce su ne ke riƙe da takardar alkawarin bashin tun kafin su shigar da ƙara."

"Ina na sani? Ni da wani banki daban na sa hannu. Rubuta ba ni da masaniya."

Wannan batun ba ƙaramin abu ba ne. Bashin gida a Amurka haja ce, ana sayar da shi daga hannu zuwa hannu. Wanda ya ba ka kuɗin daban, wanda ya mallaki bashin yau daban, kamfanin da ke karɓar kuɗin wata yana aiko maka wasiƙa shi ma daban. Wanda ya kai ka ƙara dole ya nuna cewa ranar da ya shigar da ita takardar alkawarin tana hannunsa ko an miƙa masa ita bisa ƙa'ida. Muka rubuta wannan a cikin abubuwan kariya. Muka ƙara da batun wasiƙar kwana 90, saboda ambulan ɗaya aka aiko da sunayenmu biyu, lauyar nan kuwa ta ce akwai hukuncin kotun ɗaukaka ƙara a jihar da ya ce kowane mai bashi da nasa ambulan. Amma ta ja mini kunne, kuma na riƙe: ko an kori ƙarar a kan wannan, bashin yana nan daram, ruwa na ci gaba da hawa, banki zai gyara wasiƙarsa ya dawo. Lokaci kawai zai ba ni. In ina son gidan, sai na nemi hanyar biya.

Wani abin da ban sani ba sai a lokacin: ni zan iya tsaya wa kaina, amma ba zan iya tsaya wa Alhaji ba, ko da yake mijina ne. Wanda ba lauya ba kansa kaɗai yake wakilta. Don haka dole shi ma ya sa hannu a amsar. Da hannun hagu ya sa, a gaban mai hatimin rantsuwa, a hankali, harafi bayan harafi, gumi na tsattsafo masa. Da ya gama ya ture biron ya ce, "To, Hajiya, ga ki ga su."

Kwafi ɗaya sai an aika wa lauyoyin banki, kuma ba ni zan aika ba. Dole ya zama wanda ya kai shekara 18 kuma ba ya cikin shari'ar. Ɗan maƙwabciyarmu ya kai gidan waya, ya cike takardar shaidar ya aika, na haɗa da amsar na kai ofishin magatakarda. Na sa aka buga mini hatimi mai kwanan wata a kan kwafina. Tun daga ranar duk takardar da ta fita daga hannuna sai na riƙe shaidar fitarta.

Kotun tana lamba 851 a titin Grand Concourse, ƙaton gini a kan tudu, kusa da filin wasan Yankee. Jirgi mai lamba 4 ko D ke sauke mutum a titi na 161, ya ƙarasa da ƙafa. Dokar jihar ta wajabta zaman sulhu ga duk mai bashin da yake zaune a gidan da ake shari'a a kansa, kuma ana sa shi cikin kwana 60 bayan banki ya kai wa kotu shaidar ya ba da sammaci. Muddin ana wannan zaman, sauran buƙatun da banki zai gabatar don neman hukunci suna jira. Wanda ma bai amsa ƙara a kan lokaci ba, in ya halarci zaman farko ana ba shi ƙarin kwana 30. Mutane da yawa ba su san wannan ba, suna ganin tunda wa'adi ya wuce magana ta ƙare, sai su ƙi zuwa. Kotu kuma tana ba da tafinta kyauta ga wanda ya nema. Ina jin Turanci, amma na lauyoyi wani yare ne, don haka duk kalmar da ta shige mini duhu nakan ce a maimaita da Turancin mutane, kuma ba a taɓa hana ni ba.

Ba alƙali ne ke jagorantar zaman ba, wani jami'in kotu ne wanda shi ma lauya ne. Ɗaki ne da teburi, babu gudumar da ake gani a fim. Lauyan bankin da ya zo yana da tulin fayil, namu ɗaya ne a ciki, kuma na lura sai da aka kira sunanmu ya buɗe shi. Wannan ya rage mini fargaba ƙwarai. Shi shari'o'i da yawa ke gabansa a ranar, ni guda ɗaya ce tak, kuma na haddace ta.

Aka tambaye ni abin da nake so. Na ce ina son a sake tsarin bashin yadda zan iya biya. Aka ba ni jerin takardun da zan kawo, kuma a nan ainihin wahalar take. Takardun albashi na baya-bayan nan. Bayanan asusun banki na wata biyu, kowane shafi, har wanda babu komai a kansa, domin in an rubuta shafi shida ka kawo biyar sai a ce ba su cika ba. Takardun haraji. Wasiƙar tallafin naƙasa na Alhaji. Yarjejeniyar sababbin 'yan haya da shaidar kuɗinsu na shiga asusu. Wasiƙar bayanin abin da ya jefa mu cikin matsala, wadda na rubuta a shafi ɗaya, ba kuka ba roƙo, ranar da ya kwanta da abin da ya canza tun daga lokacin.

Sai ga tambayar da ta ba ni dariya. Suka ga wani kuɗi mai kauri ya shiga asusuna a wata guda, suka ce sai na faɗi daga ina. Kwasar adashi ce. Na zauna na rubuta wa wani ma'aikaci a wata jiha da ban taɓa zuwa ba bayanin yadda mata goma sha biyu ke zubi duk wata, ɗaya ta kwashe, ba ruwa ba takarda, amana ce kawai. Uwar adashinmu ta sa hannu a ƙasa. Suka karɓa, amma suka ce ba za a lissafa shi a kuɗin shiga ba, kuma da gaskiyarsu.

Matsalar ita ce takardun nan suna tsufa. Ka aika komai, a yi shiru, bayan makonni a ce abu ɗaya ya ɓace. Kafin ka aika shi takardun albashin sun wuce lokaci, a ce ka kawo sababbi. Haka aka riƙa yi da ni ana jeka-ka-dawo, ruwa kuwa na taruwa. Abin da ya fitar da ni littafi ne na 'yan makaranta mai bangon kwali. Duk kiran waya sai na rubuta rana da lokaci da sunan wanda na yi magana da shi da abin da ya ce. Duk abin da na aika sai na liƙa shaidarsa a shafin.

A wani zama lauyan banki ya ce har yanzu ba su samu yarjejeniyar haya ba. Na buɗe littafin, na zaro takardar da injin fakis ya fitar, mai ɗauke da rana da adadin shafuka da lambar da aka aika wa, na miƙa wa jami'in. Na ƙara da wasiƙar kamfanin karɓar kuɗin wata da kansa da ke cewa sun karɓa. Jami'in ya duba, ya kalli lauyan ta saman tabarau, ya ce ya kira kamfanin yanzu a gabansa. Aka kira. Bayan ɗan jira sai ga takardar ta bayyana a kwamfutarsu. Ranar jami'in ya rubuta umarni: banki ya faɗi duk abin da ya rage a rubuce zuwa rana kaza, ni in kawo zuwa rana kaza, su ba da amsa zuwa rana kaza. Doka ta ce ɓangarorin biyu su yi ciniki da zuciya ɗaya, kuma in aka samu banki da jan ƙafa kotu na iya dakatar da ruwan da ya taru a lokacin, har ta ci shi tarar da za ta kai dala 25,000. Ban kai ga neman wannan ba, amma na ambace shi sau ɗaya da murya mai sanyi, kuma na ga an ji.

Mai ba ni shawara ce ta sa na rubuta wa kamfanin na nemi tarihin biyan bashin gaba ɗaya. Dokar tarayya ta ba su kwana 30 na aiki su amsa irin wannan wasiƙa. Da ya zo na bi shi layi-layi da rula. Na tarar sun saya wa gidan inshora da kansu sun ɗora mana kuɗin, alhali tamu ba ta taɓa yankewa ba. Na aika shaida, aka cire. Akwai kuma ƙananan kuɗaɗe na wai an turo mutum ya duba gidan daga waje, wata bayan wata. Waɗannan na yi magana, ban ci nasara ba.

Amsar farko ƙi ce. Suka ce kuɗin shigarmu bai kai ba. Na nemi lissafin da suka yi amfani da shi, sai na ga babu kuɗin haya a ciki ko sisi, duk da yarjejeniyar da aka sha fama a kanta. Kwana 14 doka ta bayar a ɗaukaka irin wannan hukunci a cikin kamfanin, kuma wani daban ne zai duba, ba wanda ya ƙi ba. Na rubuta, na kai kwafi zaman kotu na gaba. Duk tsawon wannan lokaci kamfanin ba ya karɓar biyan wata daga hannunmu, tunda ya riga ya nemi bashin gaba ɗaya. Ban ɗauki wannan a matsayin hutu ba. Duk wata ina ware abin da zan iya a wani asusu daban, ko biki ko suna ban taɓa shi ba, har 'yan'uwa a Zariya suka fara cewa Amurka ta canza ni.

A karo na biyu suka amince da gwaji na wata uku: ka biya sabon adadin a kan lokaci sau uku, sannan a ba ka takardar dindindin. Kowane biya na aika shi tun kafin wata ya kama, kuma na roƙi jami'in kada a rufe zaman sulhun sai takardar ƙarshe ta zo da sa hannun ɓangarorin biyu. Ya yarda.

Ba kyauta aka yi mana ba. Duk bashin da ya taru da ruwansa da kuɗin lauyoyinsu an tattara an ɗora a kan uwar kuɗin, aka miƙe wa'adin zuwa shekara 40. Biyan wata ya sauko inda za mu iya, amma jimillar abin da za mu biya ta fi ta da nesa ba kusa ba, kuma ni da Alhaji mun san ba mu ne za mu ga ƙarshensa ba. Abu ɗaya na tsaya a kai na duba da kyau: doka ta hana a caje mu kuɗin zuwan lauyansu zaman sulhu, na kuwa sa aka warware mini kuɗin lauyan dalla-dalla kafin mu sa hannu.

Sa hannu bai rufe shari'a ba. Sai banki ya janye ƙarar a rubuce, ya kuma soke sanarwar nan da ke ofishin magatakarda, in ba haka ba tana nan maƙale da gidan. Kotunan jihar suna da shafin intanet inda ake duba shari'a da lambarta. 'Yata ta riƙa dubawa, da muka ga shiru na rubuta wa lauyoyinsu na tuna musu. Da takardar janyewar ta fito na je da kaina na karɓi kwafi mai hatimi.

Kwanakin baya wani ɗan Damagaram, abokin Alhaji tun suna tuƙi tare, ya zo da tasa jakar, ya ji labari a wurin matarsa. Na duba takardunsa na ga nasa ya wuce matakin sulhu, banki ya riga ya nemi alƙali ya yanke hukunci ba tare da an saurari shaidu ba, kuma an sa ranar da zai mayar da martani a rubuce. Ya ce, "Hajiya, ki rubuta mini irin taki." Na ce, "Malam, ba zan iya ba, kuma ko zan iya doka ba ta ba ni dama ba. Inda na tsaya magana ce ta lissafi da takardu, duk mai haƙuri zai iya. Inda kake yanzu magana ce ta hukunce-hukuncen baya da ƙa'idojin shaida, wannan sai masu abin." Na ba shi lambar ƙungiyar da ta taimake ni, na ce ya kira da sassafe ya fara faɗa musu ranar da aka sa masa kafin komai. Alhaji ya ce in bai samu na kyauta ba, ya sayar da filinsa na gida ya ɗauki na kuɗi. Mutumin ya ce filin na gado ne, sai ya yi shawara da yayyensa, kuma wa'adin saura mako biyu.